Yatsu Uku da Gwangwanin Madara

Da kaka ne labari ya fi yawa a teburin mai shayinmu. Masara ta bushe, an fito da injinan sussuka daga inda suka yi damina a lulluɓe, ƙararsu na tashi tun daga bayan gari har hanyar Bakori, kuma da wuya hunturu ya shigo ba a ji inji ya taɓa wani ba. Mu nan ba ma cewa inji ya yanke mutum. Taɓa shi ya yi, ko ya ɗan kama shi. Sai ka je dubiya ka tarar taɓawar ta tafi da yatsu uku.

Wannan karon ɗan maƙwabcinmu ne, saurayin da ake jiran a sayar da waken soya a sa masa rana. Yana ɗura masara, totuwa ta maƙale a bakin inji, ya zura hannu zai zaro ta. Wanda ke riƙe da buhu ya ce shi bai ji ihu ba ma, ƙarar injin ce kawai ya ji ta sauya.

Abin da muke yi daga nan ba sai an koya wa kowa ba. A naɗe hannun da abin da aka samu, mai babur ya ɗauka, sai asibiti. In ya fi ƙarfin nan a ce Shika, tunda a kan hanyarmu ta Zariya take. In ƙashi ne ya dagargaje a ce Dala, can Kano, wato in ba a riga an biya ta wurin mai ɗori ba. Mai inji ya iso yana salati, ya yanki kati, ya biya allura da ɗinki, in ana neman jini ya miƙa nasa hannun a gwada. Ba na raina wannan ko kaɗan. Na san masu injin da suka fitar da buhunan da suka ajiye wa tsadar bazara suka sayar a arhar kaka don a yi wa yaron wani tiyata. Mu kuma mu jeru: lemo, ayaba, kankana, gwangwanin madara, mai ƙarfi ya haɗo da Maltina. Mata su aiko da kunu da farfesu.

"Sannu. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ko da rabin hannun na can an binne a bayan gida, amsar dai da sauƙi ce.

"Allah ya sa kaffara ne. Allah ya kiyaye gaba."

Gaba muke roƙa a kiyaye. Na baya kuwa, wato yatsun, an bar wa zaure.

Zaman zauren shi ne kotunmu. Ana sallamo yaro da 'yan kwanaki, mai inji zai zo bayan la'asar, da yayansa da limamin unguwarsu, wani lokaci har da mai unguwa. A shimfiɗa tabarma, a gaisa har sau uku, a tambayi iyali da amfanin gona. Can sai yayan ya gyara murya ya tura ambulan ƙarƙashin tabarma, ya ce ga wannan ba yawa, a sayi sabulu. Uban yaro ya sunkuyar da kai, don ba ya iya magana a kan ɗan fari a gaban mutane. Sai kawun yaron, wanda tun da abin ya faru sau ɗaya ya leƙa asibiti, ya karɓe zancen:

"Haba Alhaji, wannan ai sai ka sa mu ji kunya. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ko a kan gadonsa yake abin da zai same shi sai ya same shi. Mun yafe, duniya da lahira."

A shafa fatiha, a watse. Mai yatsun yana cikin gida a kwance, ƙanwarsa na kora masa ƙuda. Ba wanda ya leƙa ya tambaye shi. Mu dai Allah ya yi mu gwanayen yafe abin da ba namu ba.

Daren da aka yi wannan zaman, teburin shayi ya cika, don kowa na son jin nawa ne a ambulan. Ba a faɗa ba, amma kafin a sha kofi na biyu kowa ya sani. Baba na bakin masallaci, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidan gurzar auduga, ya ajiye kofinsa ya ce su a zamaninsu ko ƙusa ce ta soki mutum sai an rubuta. Akwai littafi a ofis, akwai akawun da ke tambayar ƙarfe nawa, a wane inji, wa ya gani. In yatsa ya tafi, likita ya auna ya sa hannu, takarda ta yi tafiyarta, wata rana a kira ka ka dangwala ka karɓa.

"Da wane yatsan za ka dangwala, Baba?" in ji mai shayi.

"Da wanda ya rage, ɗan nema."

Baba ba ƙarya yake ba, ko da yake tsofaffi kan ƙara wa jiya gishiri. Garin nan na Funtuwa inji ne ya raine shi. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, shi ya dasa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau ga unguwa nan muna kiranta da sunansa. Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya ratsa mu ya wuce Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, yana kwasar dilolin auduga zuwa teku. Masaƙun da audugarmu ke sauka a can Ingila, ma'aikatansu na da dokar biyan wanda ya ji rauni tun 1897, Jamus ma ta riga su tun 1884. Da Bature ya kawo injinsa nan, a hankali littafin ya biyo bayan injin, ko da kuɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Daga baya aka yi masaƙar Funtuwa, mutanenmu suka san shiga aikin safe da na dare, suka san katin aiki da ƙungiyar ma'aikata.

Shekarar 1975 kuma ta zo da aikin gona na Bankin Duniya, wanda aka fara da Funtuwa da Gusau da Gombe. Taki ya wadata, aka buɗe hanyoyin ƙauye, tarakta ta shigo, masara ta kori gero daga gonaki da yawa. Tun daga nan inji ya riƙa fitowa daga bayan katangar kamfani yana shiga gona da kasuwa da lungu: na sussuka, na casa, na niƙa, na markaɗe, na ban ruwa. Yau duk wanda ya sayar da buhu hamsin a Dandume zai iya komowa gida da inji a bayan a-kori-kura. Littafin Baba ne kawai aka manto a ofis.

Kuma in an sayo injin, abu na farko da muke yi shi ne kwance murfin da ke rufe bel, wai yana ɓata lokaci in bel ya zame. Akwai dokar masana'antu ta 1987 da ta ce a killace duk ɓangaren inji da ke juyawa. Mu kuwa murfin yana can an kifa wa kaji.

Ana cikin haka Barista ya iso. Ɗan unguwa ne, a Kaduna yake aiki, yakan zo ƙarshen mako ya ga tsohuwarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, aka matsa masa a benci. Da ya ji zancen sai ya yi murmushin nan na wanda ya san abu.

"Baba, ai littafin naku yana nan, har ya fi na da."

Ya ce dokar da Baba ya sani an soke ta. Ta ƙarshe a irinsu ita ce ta 1987, wadda maigida ke biya daga aljihunsa a dunƙule: albashin wata 42 in ma'aikaci ya rasu, na wata 54 in ya nakasa gaba ɗaya. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwa. Yanzu asusu ne guda na ƙasa, a hannun hukumar NSITF. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, kuma laifi ne ya cire daga kuɗin ma'aikaci. Ranar da tsautsayi ya faɗa, asusun ne zai yi magani, ya sayi hannun roba ko ƙafar roba in ana bukata, ya kuma riƙa biya wata-wata. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Wanda ya rasa wani sashe, a ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu a biya shi kashi 90 na wannan. In mutuwa ce, matarsa da 'ya'yansa su riƙa karɓa. Ko a hanyar zuwa aiki ko ta komawa gida abin ya same ka, yana ciki.

Wani malamin firamare da ke gefe ya ciro waya ya buga lissafi. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Kashi 1 nasa naira 700. Kashi 90 kuwa naira 63,000.

"Ɗari bakwai?" Mai shayi ya dubi kwanon ƙwansa. "Ko Indomie da ƙwai biyu ba ta saya."

"To ka fara zuba wa yaronka," in ji Barista.

"Wane yaro? Wannan mai wanke kofin? Ai ɗan ƙanwata ne."

"Kana biyansa?"

"Ina ba shi na kashewa."

"In tukunyar nan ta kife masa fa?"

"A'uzubillahi! Barista, bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Aka kwashe da dariya, amma Barista bai janye ba. Ya ce abin da mutane ba su sani ba shi ne dokar ba ta ma'aikatan banki da na gwamnati kaɗai ba ce. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da mai aikin yini, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka ware. A rubuce dai, yaron da inji ya taɓa ma'aikaci ne kamar kowane mai ɗaura lakataye a Abuja. Sai dai a aikace asusun na duba wanda maigidansa ya yi rajista yana zubi, kuma duk teburin nan ba wanda ya taɓa jin mai injin sussuka ya yi rajistar wani abu in ba layin waya ba.

Sannan akwai kwanaki. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da maigida cikin kwana 14, ko da yake in ya tabbata maigidan ya riga ya sani ana iya ɗaga ƙafa. Maigida ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7. Takardar neman haƙƙi kuma a shigar cikin shekara guda, sai in da uzuri mai ƙarfi ne a kai shekara 3. In ba ka gamsu da hukuncin hukumar ba ka nemi ta sake dubawa, in ta ƙi ka wuce kotun ma'aikata, akwai ta a Kaduna da Kano.

Ni kuma sai na tsinci kaina ina jera kwanakin nan kusa da namu. Kwana 7 na farko muna jigilar lemo da madara. Kafin 14 an yi zaman zaure an shafa fatiha. Shekara kuwa, daga kaka zuwa kaka ke nan: lokacin da yaro zai gane ba mai ɗaukarsa jinga da hannu ɗaya da rabi, an sake fito da injin, wani yaron ne a bakinsa, ƙofa kuma ta rufe.

Wurin da aka yi tsit shi ne da Barista ya ce a wannan doka "mun yafe" ba ta da mazauni. Ko ma'aikacin da kansa ya yi yarjejeniya da maigida cewa ya haƙura da haƙƙinsa, yarjejeniyar banza ce, balle kawunsa.

"To wannan doka ai ba ta san mutunci ba," in ji wani dillalin hatsi.

Daga nan zance ya koma kan Malam, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai ce uffan ba. Dillalin ya juya gare shi yana neman mafaka.

"Allah gafarta Malam, ba ƙaddara ba ce? Mutum ya karɓi kuɗin ƙaddara?"

Malam ya ce ƙaddara ce mana, wa ya isa ya ce ba ita ba ce. Amma shi tun yana yaro a zaure ya karanta babin diyya a Risala, ya sake tarar da shi a Muhtasar, kuma akasari a kan kuskure aka gina shi, abin da ba wanda ya yi niyya. Ran mutum raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya. Hannu ɗaya rabin wannan. Ido ɗaya rabi. Haƙori raƙuma 5. Yatsa kuwa, kowanne, raƙuma 10.

Malamin firamare ya sake ciro waya. Yatsu uku, raƙuma 30. Wani ya ce ko kasuwar Mai'aduwa aka je ranar da ta cika sai an yi da gaske a haɗa su. Wani ya ce in haka ne shi gobe zai je ya sa hannu a injin Alhaji. Baba ya ce ya bari sai ya fara tambaya ko Alhajin na da ko jaki.

Malam ya ɗaga hannu. Ya ce kada a yi masa gaggawa: ba duk raunin da ya faru a wurin aiki ne ake ɗora wa mai wurin ba, sai alƙali ya duba wa ya jawo, wa ya yi sakaci, kuma wanda ya zura hannunsa da kansa hukuncinsa daban da wanda wani ya tayar wa inji hannunsa na ciki. Amma abu biyu yake so mu riƙe. Na ɗaya, diyyar kuskure in ta yi nauyi ba a kan mutum ɗaya take ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a hankali, cikakkiyarta cikin shekara 3, don kada a kashe wani gida garin gyara wani. Na biyu, yafiya alheri ce babba, amma ta mai haƙƙi ce. Baligi mai hankali, ba wanda ke yafe masa jininsa yana kwance a ɗaki.

Barista ya ce to ai asusun nan dangin wajen uba ne aka yi wa masu inji. Ni kuwa a raina adashi na kira shi, irin wanda kowa ke zubi yana addu'ar kada kwasa ta zo kansa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka kasuwar Dandume ko ta Funtuwa ka ga 'yan dako. Buhun masara mai kilo 100 a wuya, a hau katako a loda tirela, tun safe har fitilu su kama. Suna da shugabanni, suna da layi, kuma a wurare da yawa suna da ɗan abin da suke tarawa don ranar da wani ya faɗo ko buhu ya danne shi. Haka direbobi a tasha, haka masu babur. Kuɗin ba ya kai wata biyu, amma ba fom, ba hoton fasfo, ba "dawo gobe oga ba ya nan". Abin da ya sa muka fi yarda da shi ke nan. Mutumin ƙauyen Kafur ko Ɗanja da za a ce ya ɗauki rahoton likita ya nufi ofis a babban birni, kuɗin motar zuwa da dawowa sau uku ya cinye abin da ke ambulan, kuma bai san ranar da za a kira shi ba. In ya ce a bar shi da fatiha, ba wauta ce ta sa shi ba.

Duk wannan ma maganar raunin da ke zubar da jini ce, wanda ake gani a kawo madara. Akwai wanda ba mai zuwa dubiyarsa. Ɗan dakon da ya kai arba'in bayansa ya riƙe, muka ce sanyi ne. Mai injin niƙan da sai ka yi masa ihu yake ji, muka ce miskilanci ne. Tsofaffin gidan gurza da masaƙa masu tarin da ba ya jin magani, bayan shekaru suna shaƙar ƙurar auduga. Yaran da ke goya jarkar feshi da rana tsaka, ba takalmi ba abin rufe hanci, maganin ciyawa na bin bayansu, in jiri ya ɗebe su a ba su madara, mu dai komai madara. Barista ya ce cutar da aiki ya jawo da kurumtar da ƙara ta jawo duk suna cikin dokar. Aka dube shi kamar ya ce gajiya ma ana biya.

Mata kuwa ko a lissafin teburin shayi ba sa shiga. Su ne a gindin inji suna sheƙe da tsince, su ne ke aiko 'yan mata markaɗe da hijabi har ƙasa, bel na juyawa tsirara a gefensu. In ya fizgi mayafi ya haɗa da gashi, ba za ka ji an ce ma'aikaciya ta ji rauni ba. Za a ce yarinya ce ba ta da natsuwa.

Saran maciji ma haka. Likitocin da suka yi bincike a ƙasar Malumfashi a shekarun 1970 sun yi rubutu a kan yadda macizai ke sarar mutanen karkara. In ɗan ƙwadago na yankan shinkafa a fadamar wani abin ƙasa ya taɓa shi, wa zai ce raunin aiki ne? Ba ma ko kiran sunan macijin da dare, balle mu kira sunan mai gonar. Na yankin Faskari da Sabuwa da ake ɗauka a gonar wani a shiga daji da su, wannan kam ko Barista shiru ya yi.

To, kada in cika baki. Ni mai wannan rubutu ina da 'yar gona, kuma duk shekara ina ɗaukar 'yan ƙwadago. Shekarun baya wani yaro da ya zo cin rani ya sare ƙafarsa da adda yana yi mini sassabe. Na kai shi kemis aka ɗinke, na biya, na cika masa kuɗin jingarsa duk da bai gama ba, na ƙara masa na mota. Ya yi ta godiya har ina jin kunya. Na dawo teburin nan na ba da labari, aka ce Allah ya saka, na kwana ina jin kaina mutumin kirki. Ban san sunan garinsu ba. Ban san ko ƙafar ta warke ko ta ruɓe ba. Da a ce ranar wani ya zo mini da fom ya ce in sa hannu cewa a gonata abin ya faru, Allah ya sani, da sai na fara tambayarsa wa ya aiko shi.

Abin da ya sa zancen ke mutuwa a teburinmu ke nan duk lokacin da ya taso. Wanda ɗansa ke bakin injin wani da safe, shi ne ke da ɗan wani a gonarsa da yamma. Mai shayi na da mai wanke kofi, dillali na da masu ɗinkin buhu, Malam na da almajiran da ke yi masa noma, Barista ma akwai yarinyar da ke yi wa tsohuwarsa wanke-wanke. Kowa ya buɗe baki zai ce a biya, sai ya tuna nasa, ya ce Allah dai ya kiyaye. Mun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa ba ma son a kira abin lada. Mun fi son a ce taimako ne, na kashewa ne, kuɗin sabulu ne.

Dillalin hatsi ya ce shi dai a ganinsa ranar da aka fara kai maƙwabci ofis a kan tsautsayi, ranar zumunci ya mutu, kuma ba mai ƙara ɗaukar ɗan unguwa aiki. Ba a rasa gaskiya a maganarsa. Baba ya ce shi ya karɓi kuɗin kamfani a zamaninsa, kuma bai fasa gaisawa da manajan ba har ya bar garin. Malamin firamare ya ce me zai hana masu injin sussuka na garin nan su yi ƙungiya, kowane buhu a cire wani abu kaɗan a ajiye. Aka ce wa zai riƙe kuɗin. Aka dubi juna. Aka ce a ƙaro shayi.

Bayan kamar wata biyu sai ga yaron ya fito, hannu a naɗe cikin tsumma fari, ya rame amma yana dariya. Mai injin ya yi abin da ake yaba masa: ya ce ya dawo ya riƙa ƙirga buhu yana rubutawa, tunda hannun dama ne ya tsira. Aikin na kaka ne kawai, kuma kuɗinsa bai kai na ɗura masara ba, amma ba wanda ya faɗi haka. Maganar sa rana an ce a dakata tukuna, gidan yarinyar na shawara.

Ya zauna a ƙarshen benci, aka yi ta yi masa sannu. Barista na gari ranar, ya matsa kusa da shi ya yi ƙasa da murya, ya tambaye shi ko takardun asibiti na nan, ya ce ya adana su, shekara ba ta yi ba tukuna.

"Suna wurin Alhaji, Yaya. Shi ya biya, shi aka ba."

"Ka karɓo ko hotonsu ne."

"To. Sai dai in babanmu ya ce."

Mai shayi ya turo masa kofi, ya ce wannan kyauta ne, kauri ne har da madara. Yaron ya kai hannun hagu kamar yadda ya saba, ya tsaya, ya sauya. Burodin kuma ya danne shi da gwiwar hannu yana yaga da ɗayan. Dillali ya ce a bari ya yanka masa, ya ce a'a, gara ya koya. Daga bayan gari ana jin injin bai tsaya ba, ana sauri a gama ta wani Alhaji kafin motar Legas ta iso da asuba.